Ƙarar da Dabo Mai-Rijiya Ya Kai Wansa

Ranar Litinin, goma sha uku ga watan Nuwamba na shekarar 2017, wani dattijo dogo mai faɗin kafaɗa ya shigo ofishin magatakardan wata kotun shari'a a ƙasar Daura. Ya yi sallama, aka nuna masa benci, ya ce tsayuwa ta fi masa sauƙi saboda bayansa. Magatakarda bai taɓa ganinsa ba sai ran nan, amma da jin sunan ya gane shi, don da wuya mutum ya tashi tsakanin Baure da Babban Mutum bai sha ruwan rijiyar da Dabo Mai-Rijiya ya gina ba. Dattijon ya ce ƙara ya kawo, kuma wansa yake ƙara, Alhaji Hamma, uwa ɗaya uba ɗaya. Aka tambaye shi ko gona ce, ya ce a'a. Ko gado, ko dabbobi, ya ce ko ɗaya.

"Ciwona ya ɓoye mini," in ji shi. "Akwai magani, an faɗa masa, ya rufe bakinsa, ni kuma ina zaune ina shan yaji."

Magatakarda ya ce bai san a wane babi zai sa irin wannan ƙara ba. Dabo ya ce shi ma bai sani ba, shi ya sa ya zo wurin waɗanda suka sani. Daga nan ya jingina da bango ya fara ba da labari, kuma bai rage komai ba, har abubuwan da dattijo irinsa ba ya faɗa a gaban na baya.

An haifi Dabo a wani ƙauye kusa da Babban Mutum. Tun yana saurayi ya bi maginan rijiya, da farko yana riƙe igiya, daga baya ya fara sauka. Ya gina rijiyoyi tun ana kafe su da itace har aka koma zoben siminti, ya yashe waɗanda suka cushe, ya tsamo awaki da guga, sau biyu ma har da gawar mutum. Abin da ya samu bai ci shi a banza ba. Ya sayi gonaki, ya sayi shanu ya ba wani Bafulatani kiwo, har ya zama mutum mai rufin asiri wanda ba ya neman komai a hannun kowa.

A wurin aiki ba shi da faɗa, amma yana da doka guda wadda duk wanda ya riƙe masa igiya ya haddace. Wanda ke ƙasa ba ya ganin komai sai dagin da ke hannunsa da ƙasar da ke gabansa. Na sama shi ke ganin bakin rijiya. Saboda haka in na sama ya ga rairayi ya fara zubowa, ko bango ya tsage ko da kamar zare ne, to, ya faɗa nan take, da ƙarfi, ya bar wa na ƙasa ya yanke ko ya fito ko ya ƙarasa. Ya taɓa sallamar wani mutum mai ƙarfi da biyayya a tsakiyar aiki, don ya ga tsaga ya yi shiru, wai kada ya tsorata maigida. Dabo ya ce masa tsoron nasa ne, shi zai ji abinsa, ba a ɗauko wani don ya ji masa ba.

Ɗansa na fari shi ne Jafaru. Kamar yadda aka saba, Dabo bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa cin abinci kwano ɗaya da shi ba, bai taɓa zama hira da shi ba. Ana yaye yaron aka kai shi gidan Alhaji Hamma, can ya tashi, can ya yi makaranta har ya gama sakandare, daga baya ya kama sana'ar hatsi a Kongolam. Hamma yake kira Baba. In Dabo zai yi maganarsa sai ya ce ɗan Yaya. In yana da saƙo gare shi, ta bakin Hamma zai bi, in Jafaru na da magana, ita ma ta nan za ta dawo. Shekara da shekaru haka ake yi, babu abin da ya taɓa ɓata a hanya.

A shekarar 2013 fitsari ya fara yi wa Dabo gardama. Kowa ya ce sanyi ne, kuma wa zai yi musu, mutum ya ƙare ƙuruciyarsa tsaye cikin ruwa har ƙugu. Da abin ya ƙi, abokin aikinsa kuma sa'ansa, Ya'u, ya raka shi wani babban asibiti mai nisan yini guda a mota. Can wani likita mai suna Yazid ya gano ciwon daji ne a wata 'yar tsoka mai girman goro da ke ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji, wadda hanyar fitsari ke ratsa tsakiyarta. Da yake babu kunya tsakaninsa da Ya'u, Dabo ya zauna ya ji komai da kunnensa, ya yi tambayoyinsa. Aka yi masa gashi, makonni yana kwanciya ƙarƙashin na'ura, ya rame, ya tashi. Ya dawo gida ya ci gaba da duba aikin yaransa daga bakin rijiya. Lokaci lokaci yana komawa a ɗibi jininsa a auna, don akwai wani adadi da likita ke kallo, in ya hau to ciwon ya motsa.

Ya'u ya rasu a shekarar 2015. Sai rakiya ta koma kan Jafaru, don shi ne babba, shi ke jin Turanci, shi ya san hanya. Su yi tafiyar yini guda a mota, ɗaya a gaba ɗaya a baya, maganar da za ta shiga tsakaninsu ba ta wuce ta sallah da ruwan sha.

A watan Oktoba na 2016 adadin ya hau. Aka ɗauki hoto, aka tsinko ɗan nama aka duba. Likita Yazid ya kira su biyun ofishinsa, ya ce ciwon ya dawo, amma akwai abin da za a iya yi. Ya jawo takarda ya fara zana jikin namiji, ya ɗora bakin alƙalami tsakanin maraina da dubura. Nan kunya ta kama Dabo. Ga ɗan fari zaune a gefensa, ya sunkuyar da kai. Sai Dabo ya miƙe ya gyara hularsa.

"Likita, yi wa ɗan Yaya bayani. Ina nan waje."

Ya fita da zuciya ɗaya. Ya san maganar za ta je wurin Hamma, daga can ta iso gare shi, kamar kowace magana.

Abin da likita ya gaya wa Jafaru shi ne wannan. Ba za a sake gashi ba, don naman wurin ya riga ya sha wuta iyakar abin da zai iya ɗauka. Yanka ma yana da haɗari a wurin da aka gasa. Amma akwai wata hanya da ake yi a wasu asibitoci a Misira. Ana sa majiyyaci barci, a soka wasu siraran allurai ta ƙasa har cikin tsokar, likita yana kallon hoto yana daidaita su. Sai a tura wata iska cikin alluran, bakinsu ya yi sanyin da ya wuce misali, tsokar ta daskare ta zama ƙanƙara. A bari ta narke, a sake daskarar da ita, ciwon da ke ciki ya mutu. A lokacin ana zagaya ruwan ɗumi ta hanyar fitsari don kada sanyin ya lalata ta. Bai ɓoye masa illolin ba: mai yiwuwa mazakuta ta tafi, mai yiwuwa a sami yoyon fitsari, kuma ba kowa ke warkewa ba. Amma ya nanata abu guda. Maganin yana aiki ne muddin ciwon na nan wuri ɗaya. In ya fita ya shiga ƙashi, babu allurar da za ta bi shi. Ya ce su yi shiri kafin bazara.

A hanyar dawowa Jafaru bai ce komai ba, Dabo kuma bai tambaya ba. Washegari Jafaru ya durƙusa gaban Alhaji Hamma a zaure ya zayyana masa komai daidai, bai ƙara ba bai rage ba.

Alhaji Hamma ya saurara har aka zo kan ƙanƙara, sai ya ɗaga hannu.

"A jikin wa? Dabo? Mutumin da sanyin rijiya ya cinye, shi za a ƙara wa sanyi? Wuta suka sa masa ba ta kore shi ba, sai ƙanƙara?"

Jafaru ya ce likita ya ce ba sanyi ba ne, daji ne. Hamma ya ce likita yaro ne, bai san Dabo ba, bai ga lokacin da ake fito da shi daga rijiya leɓɓansa sun yi fari yana kaɗuwa ba. Jafaru ya ce to ko a gaya masa ya zaɓa da kansa.

"In ya ji, tafiya zai yi," in ji Hamma. "Na san ƙanena. Tun yana yaro bai taɓa ganin rami ya ƙi shiga ba. Ka bar maganar nan a zauren nan."

Jafaru ya bar ta. Wanda ya rene shi ya yi umarni, wanda ya haife shi kuma, Jafaru ba ya iya kallon idonsa ya ambaci abin da ke cikin wandonsa. Aka gaya wa Dabo likita ya ce abin kaɗan ne, a ci gaba da ƙwayoyi, a kiyaye sanyi.

Abin da ya fi ba da haushi a nan shi ne babu mugunta a ciki. Da Alhaji Hamma shanun Dabo yake hange, da an san sunan abin da ya yi, da akwai babin da za a sa shi. Amma Hamma ƙaunar ƙanensa yake yi, ƙauna ta gaske, kuma da ita ya tsare masa hanya. Shi da kansa yake zuwa kasuwa ya zaɓo citta da masoro da kanumfari, ya sa a daka. Ya hana Lami, matar Dabo, ba shi ruwan randa. Ya hana kankana shiga gidan. Ya sa ana ajiye masa kaskon garwashi a ƙarƙashin kujera, ya aiko da bargo, ya kawo mai magani daga tsallaken iyaka ya yi masa sirace. Kullum da safe sai ya leƙo ya ce, "Dabo, yaya ƙarfin jiki?" Dabo ya ce da sauƙi, Yaya, Allah ya bar zumunci. Lokacin komawa asibiti ya yi, Hamma ya ce tafiyar mota tana ƙara masa wahala, a aika Jafaru ya sayo ƙwayoyin a Daura. Bazara ta zo ta wuce. Damina ta sauka, aka yi shuka, aka yi girbi. Mutumin da ya kori ma'aikaci don ya yi shiru a kan tsaga, ga shi zaune a kan garwashi yana godiya, duk gidan wansa sun san bango ya tsage.

A ƙarshen Oktoba na 2017 fitsari ya ɗauke masa gaba ɗaya, bayansa kuma ya fara ciwo. Jafaru ya tsallaka Nijar sayen wake, Hamma ya tafi ta'aziyya. Dabo bai jira kowa ba, ya sa Lami a gaba suka shiga mota. Bayan an sa masa robar fitsari ya sami sauƙi, Likita Yazid ya shigo da fara'a, ya miƙa masa hannu.

"Baba, kwana biyu. Yaushe kuka dawo daga Misira?"

Dabo ya ce bai taɓa zuwa Misira ba, ko Makka ma bai je ba. Likita ya yi tsammanin wasa ne, sai da ya dubi fuskarsa. Ya jawo kujera ya zauna, ya faɗa masa duk abin da ya faɗa wa Jafaru shekara guda da ta wuce, da zanen da komai. Dabo ya saurara bai motsa ba. Ya tambayi tsawon allurar, ya tambayi yadda suke sanin ƙanƙarar ta kai inda ake so ba ta zarce ba. Da aka yi masa bayani ya gyaɗa kai, ya ce wannan aikin masu hankali ne, sun san inda za su tsaya. Sannan ya tambaya ko har yanzu ana iya yi. Likita ya ce ba zai yi masa ƙarya ba, adadin ya hau sosai, ciwon bayan nan kuma bai kwanta masa a rai ba. Hoton da ake ɗauka a nan bai nuna komai ƙarara ba, na can ya fi gani. In zai je, ya je yanzu.

Daga tasha bai biya gida ba, zauren Alhaji Hamma ya nufa. A rayuwarsa bai taɓa ɗaga wa wansa murya ba, ran nan ma bai ɗaga ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya tambaye shi ko gaskiya ne. Hamma ya ce gaskiya ne, kuma ko yau aka sake kawo masa maganar haka zai yi, don ba zai sa hannu a kai ɗan'uwansa wata ƙasa a daskare shi kamar kifi ba.

"Yaya, jikin naka ne?"

"Kai nawa ne. Ni na goya ka."

"Ka goya ni, ka sauke ni tun ina shekara uku. Wanda ke cikin ramin shi ake gaya wa."

Hamma ya ce rai a hannun Allah yake. Dabo ya ce haka ne, kuma Allah bai ba Hamma ajiyarsa ba.

Wannan shi ne labarin da ya ba magatakarda. Ba ya neman diyya, ba ya neman a ɗaure kowa. So yake alƙali ya faɗa, a gaban mutane, cewa abin da aka yi masa ba daidai ba ne, don ya ga mutanen gari sun fara zuwa suna ba shi haƙuri kamar shi ne mai laifi, suna cewa ai Alhaji don alheri ya yi, ai babba ne, ai bai kamata a ji kansu ba.

Alƙali bai buɗe shari'a ba. Ya kira su ofishinsa, su uku da Jafaru, ya saurari kowa. Ya ce wa Alhaji Hamma saƙon likita amana ne, kuma amana mai ita ake kai wa, ba wanda ya fi shi shekaru ba. Sannan ya juya ga Dabo ya ce zumunci ya fi ƙarfin wannan, ya yi haƙuri, ya yafe, a bar maganar a ɗakin nan. Dabo ya ce, "Allah gafarta Malam, a ɗaki aka bar ta tun farko." Alƙali ya yi addu'a, aka shafa, aka tashi. Hamma ya fito yana gaya wa mutane an yi sulhu.

Dabo ya sayar da shanu, aka yi fasfo da biza. Hamma ya aiko a ce masa bai yarda da tafiyar ba, Dabo ya ce a gaishe shi. Da aka zo maganar ɗan rakiya, Lami ta ce a nemi wani, tunda an ga abin da ya faru. Dabo ya ce a'a, ɗan Yaya zai raka shi.

A watan Janairu na 2018 suka sauka Alƙahira. Aka yi masa awo, aka sa shi cikin na'urar hoto. Ranar da za a faɗi sakamako, likitan can, wanda ba ya jin Hausa, ya kunna hoton a bango, ya dubi Jafaru ya fara Turanci. Jafaru ya saci kallon mahaifinsa, yana jira ya ga ya miƙe kamar yadda ya saba. Dabo bai miƙe ba. Ya jawo kujerarsa kusa da ta ɗansa har gwiwoyinsu suka haɗu.

"Jafaru," ya ce. Shi ne karo na farko da sunan ya fito daga bakinsa. "Duk abin da ya faɗa, ka faɗa mini yadda ya faɗa. Kada ka gyara."

Jafaru ya ce to. Likita ya nuna wasu ɗigo-ɗigo masu haske a ƙashin baya da na ƙugu, ya yi magana, ya tsaya.

"Baba, ya ce ya shiga ƙashi. Ya ce ba za a yi ba."

"Tambaye shi, da bara na zo fa?"

Jafaru ya tambaya. Likita ya duba tsohon hoton da suka zo da shi, ya ɗan jima, ya amsa.

"Ya ce da bara ne, da ya yi. Bai ce lalle za ka warke ba, amma da ya yi."

Dabo ya gyaɗa kai. Ya ce a yi wa likita godiya, ya kuma ce wa Jafaru ya share fuskarsa, yau ya riƙe igiya yadda ake riƙewa.

Suka dawo da allurai da ƙwayoyin rage zafi da na jinkirta ciwon. Dabo ya sa aka fitar da kaskon garwashi daga ɗakinsa, ya koma shan ruwan randa. Duk wanda ya zo dubiya ya ce yaya sanyin, sai ya ce ba sanyi ba ne, daji ne, ya faɗi inda yake a jikinsa da sunan wurin, ko da kuwa suruki ne a zaune. Wasu suka daina zuwa saboda haka. Jafaru ya bar Kongolam ya tare a gidan, shi ke juya shi, shi ke wanke shi. Alhaji Hamma yana zuwa kullum da safe kamar da, Dabo yana amsa gaisuwarsa, ba ya ƙarawa.

Dabo Mai-Rijiya ya rasu ranar Laraba, tara ga watan Mayu na shekarar 2018, ana saura kwanaki a fara azumi. An binne shi a ƙauyensu kusa da Babban Mutum. Alhaji Hamma ne ya karɓi gaisuwa, kuma har yau in an tambaye shi abin da ya kashe ƙanensa, sanyin rijiya yake cewa.